Giɓin Almu

Ƙofar Kwaya, Katsina
Nuwamba, 1998

Zuwa ga Yaya Lailatu, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aikin asibiti, ya zafin garin naku? Mu nan lafiya lau. Inna na gaishe ki, ta ce in tuna maki maganin ƙafarta.

Yaya, na ci tsire! Wallahi na ci. Ranar da na sauka ban ko shiga gida ba sai da na tsaya wurin mai naman bakin ƙofa, na ce ya zaɓo mani wanda ya fi tauri. Ya dube ni, ya dubi bakina, ya ce, "Malam Almu, haƙora ne suka tsiro maka da girmanka?" Na ce mashi a'a, shuka su aka yi a Jidda, kuma sun kama. Tun ranar da masu kaki suka sa gindin bindiga suka zubar mani da huɗun nan na gaba, don na ƙi karanta sanarwar taron goyon bayansu a rediyo, ban ƙara yin dariya ba sai hannuna na kan baki. Yanzu kuwa matata Zainab cewa take na ishe ta, wai ko gaisuwar mutuwa na je sai an ƙirga haƙorana.

Kullum da hantsi ina ɗaukar tsohuwar jarida in tsaya gaban madubi in karanta da ƙarfi. Fito ɗin nan da ke fita ta giɓin ya tafi. "Assalamu alaikum jama'a masu sauraro" tana fitowa tas, yadda take a da. Na leƙa gidan rediyon. Sabon manaja ya ce tunda sojoji za su koma bariki, in an miƙa mulki za a duba maganar waɗanda aka kora. Yaya, ba ni son komai a duniyar nan irin in koma gaban abin maganar nan. Ke kika maido mani da bakina, Allah Ya biya ki da Aljanna.

Ranar Juma'a mun haɗu wurin Inna. Yaya Alhaji Mahmud ya zo daga Kambarawa da mutanensa, kin san ya fito takarar majalisa. Ni da rawar kai sai na fiddo ɗan makullin nan da likita ya ba ni, wanda ya ce in wani abu ya saki in kai wa likitan haƙori tare da shi. Na shiga yi masu bayani: ga turakun ƙarfe cikin ƙashi, ga haƙoran an ɗaure su bisa da sukuru. Kowa na dariya, ban da Yaya Alhaji. Ya ce, "Wato ana kwance su?" Na ce likita kaɗai. Ya karɓi makullin ya jujjuya, ya ce ni da sakaci zan yar da shi, ya jefa aljihu. Da zai tafi ya ce, "Wa ya ce ku gyara bakin nan ba ku shawarce ni ba?" Na ɗauka wasa yake.

A gaida mutanen gida. Na gode, na gode.

Ƙanenki,
Almu

*

Kambarawa, Katsina
Disamba, 1998

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Lailatu.

Bayan sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kuna lafiya. Ba ni da lokacin dogon rubutu, mutane cike da ƙofar gida.

Kin yi mani ɓarna, kuma ina so ki sani. Na riga na buga hotuna, an manna su tun daga Ƙofar Sauri har kasuwa: ni a tsaye da babbar riga, Almu a gefena baki buɗe, a ƙasa an rubuta, "Ku dubi abin da suka yi wa gidanmu." Sai ga shi ya dawo daga wurinki yana yawo cikin gari da haƙora reras kamar ango. Jiya wani ɗan iska ya tsayar da shi gindin hoton yana tambaya wanne ne na gaskiya.

Abokin takarata ba shi da waƙa sai cewa na ci da sojoji, wai ni na kafa masu rumfunan taronsu. To na kafa, kwangila ce, wa bai yi ba? Amma abu guda da ke rufe mashi baki shi ne bakin Almu. Shi ne shaidata cewa gidanmu ma ya ɗanɗana. Ke kuma kin kwashe shi kin je kin toshe mani shaida, ba sallama ba shawara, kamar ba ni ne babba ba.

Allah Ya taimaka abin na sukuru ne. Na nuna wa Ɗanliti makullin, mai sa wa mata haƙorin Makka a kasuwa, ya ce gyaran agogo ya fi wannan wuya. Za a riƙa cirewa in za a hau dandamali, in an sauko a mayar. Ba wanda zai ci mashi haƙoransa. Yaron yana ta noƙe-noƙe, wai sai ya ji daga gare ki. Ki rubuto mashi ki ce ya bi abin da na ce. In na ci, maganar rediyonsa a hannuna take, manajan mutumina ne. In kuma ya ƙi, to manajan dai mutumina ne.

Ki gaida maigidanki.

Yayanki,
Alhaji Mahmud

*

Jidda
Disamba, 1998

Almu, autan Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Zainab da yara. Ban da natsuwar doguwar gaisuwa, takardar Yaya Alhaji na hannuna.

Kada ka yarda. Ka ji ni? Kada ka yarda ko sau ɗaya. Kai ma da shegen surutu, wa ya aike ka nuna makulli a tsakar gida?

Bari in sake faɗa maka abin da likita ya faɗa ranar da kake ta kallon kanka a madubi ba ka saurare ba. Haƙorin da Allah Ya halitta, dasashi a ɗinke yake da shi. Na dashe ba haka yake ba. Naman lafewa kawai yake yi a jikin ƙarfen, kamar wuyan riga a wuya, kuma watanni ya ɗauka kafin ya lafe ɗin. Wannan 'yar lafewar ita kaɗai ce ƙofar da ke tsakanin ƙazantar baki da ƙashinka. Duk ranar da aka kwance, an yage ta. Za ta warke, amma ba a inda take ba, sai ta ja baya kaɗan. A sake kwancewa, ta sake ja. In kuma aka bar wurin a buɗe, kafin ka yi sallah biyu naman ya fara rufe bakin ramin, mayarwa sai da ƙarfi ko da yanka. Daga nan ƙazanta ta sami hanya, ta gangara ta fara cin ƙashin. Mugun abin shi ne da fari ba ya ciwo. Za ka ce ai lafiya lau, alhali ana ci.

Kuma ka tuna dasashinka siriri ne, ƙashin wurin ma ragowar abin da gindin bindiga ya bari ne. Sai da likita ya yi ta lalube kafin ya sami inda zai kafa. Ya faɗa mani a gabanka, in waɗannan suka tafi babu wurin kafa wasu.

Ɗanliti! Mutumin da ke lanƙwasa gwangwani ya liƙa wa mata a haƙori, da hannun da yake ɓare goro? Shi zai shiga bakin da na yi shekara ina roƙon likita a kansa? Ka je ka karɓo makullinka. In ya hana, ka bar mashi, amma ka rufe bakinka gam. Rediyo ba ta Yaya Alhaji ba ce.

Ga maganin Inna nan wurin mai kawo takardar. Allah Ya tsare.

Yayarka,
Lailatu

*

Ƙofar Kwaya
Bayan ƙaramar Sallah, Janairu 1999

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah Ya karɓi ibada. Muna lafiya, alhamdu lillahi, in dai ana cewa haka.

Takardarki ta iso, amma matar da kika ba wa ta tsaya Kano wurin ɗiyarta. Ko da ta zo an riga an fara. Kuma ba zan ɓoye maki ba, da ta zo da wuri ma ban san ko da ta hana ba. Inna ce ta kira ni. Ta ce, "Almu, da mahaifinku ya rasu wa ya riƙe ku? Yau ɗan'uwanka ya nemi aron abu a wurinka ka tsaya kana shawara da Jidda? Ba cewa ya yi a ba shi ba, aro ne." Na ce Inna baki ne fa. Ta ce, "Bakin ba a gidan nan aka haife shi ba?" Sai na yarda.

Ga yadda ake yi. In mun kusa wurin taro sai a tsayar da mota. Ɗanliti ya shigo baya, in kwantar da kai bisa cinyarsa, ya sa allura ya tone farin abin da aka toshe ramukan da shi, ya zura makulli. Haƙoran yana sa su cikin kwalin ashana ya jefa aljihu tare da goronsa. Sai a jira kaɗan naman ya rufe kan ƙarfen, don Yaya Alhaji ya ce kada a ga wani abu na ƙyalli. Ya kan leƙo da kansa ya duba, ya ce, "Yawwa, ya yi."

A kan dandamali yana magana ina tsaye a bayansa. In ya zo wurin, sai ya ɗaga murya: "Sun ce na ci da sojoji! Almu, buɗe masu!" In matso in buɗe. Ya kama haɓata ya juya ni gabas, ya juya ni yamma. Sannan ya kara mani lasifika ya ce in yi sallamar nan tawa ta rediyo. In na ce "masu sauraro" fito ya fita, tsofaffin mata su fashe da kuka, samari su fashe da dariya, maroƙa su ɗauka. Yana ba su labarin yadda ya goyo ni daga hannun sojoji zuwa asibiti. Ke kin san ko ruwan zafi bai aiko ba lokacin, cewa ya yi kada a ga motarsa a ƙofar gidana. Yanzu yaran Ƙofar Sauri in sun hango ni sai su bi ni da "Buɗe masu! Buɗe masu!"

Da aka shiga zagayen ƙauyuka ya ce cirewa da mayarwa na ɓata lokaci, a bar su a kwali sai an dawo. Ko da muka dawo naman ya rufe ruf, kamar ba a taɓa dasa komai ba. Ɗanliti ya laluba da yatsa, ya sa reza ya tsaga. Ban yi ihu ba, direba na kallo.

Kin ce ba ya ciwo da fari, gaskiyarki. Sai dai dasashin ya ja sama, haƙoran sun yi tsawo kamar na doki, ga baƙin ƙarfe ya fito a gindinsu. Wurin ya yi ja, ya yi taushi. In na kurkure baki a alwala ruwan ja yake fita, duk azumin nan cikin zullumi na yi shi kada in haɗiye. Na lura in ina wa Zainab magana tana ɗan kau da kai.

Saura kaɗan a yi zaɓe. In an gama zan karɓi makullina, in je rediyo. Ki yi mani addu'a, kada ki yi mani faɗa, ina da masu yi.

Ƙanenki,
Almu

*

Jidda
Fabrairu, 1999

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Na gaishe ka don Allah Ya ce a gaida na gaba.

Reza, Yaya? Reza a bakin ɗan da Inna ta haifa bayanka? Ko ragon layya ana lallaɓa shi fiye da haka. Lokacin da aka zubar mashi da haƙora kana kafa wa masu zubarwar rumfa. Yau kuma ka mayar da shi birin wasa kana karɓar tafi. Ka je ka sa tsohuwa a gaba ka karya mashi wuya da ita, don ka san ba ya iya ce mata a'a. Wallahi ka ban kunya, ka ban tsoro.

Na nuna wa likita abin da Almu ya rubuto. Ya ce in aka daina taɓawa yanzu, aka kawo shi a wanke wurin, wataƙila a ceci biyu daga cikin turakun. Wataƙila. Na aiko da tikiti wurin mai kawo takardar nan. Zainab ta aiko mani cewa fasfo ɗinsa na wurinka, wai ka karɓa za ka nema mashi kujerar Hajji. Ka ba shi abinsa ya taho cikin satin nan. Ban roƙe ka komai ba tunda nake, yau na roƙe ka don darajar kabarin mahaifinmu.

Ƙanwarka,
Lailatu

*

Kambarawa
Maris, 1999

Hajiya Lailatu,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ana saura kwanaki zaɓe, lokacin da ko barci ba na yi. Kina tsammanin zan saki Almu ya hau jirgi ranar babban taron rufewa? Ke dai zaman waje ya sa kin manta yadda ake magana da manya, na yafe maki.

Albishirinki, mun ci. Gidanmu ya shiga majalisa, har da ke da ba ki taya da komai ba sai zagi. Almu ya yi ƙoƙari, ban hana mashi ba. Maganar kumburi kuwa, na sa an kai mashi maganin kashe ciwo da man kanumfari. Raki ne ya yi mashi yawa tun yana yaro. Fasfo yana nan a adane, akwai zagayen godiya da za mu yi, mutanen ƙauye sun ce sai da shi.

Tikitin na ba Ɗanliti, an canza suna, bai taɓa zuwa Umra ba, kuma ya yi mana aiki.

Yayanki,
Alhaji Mahmud
Zaɓaɓɓen ɗan majalisa

*

Ƙofar Kwaya
Mayu, 1999

Yaya Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da yara. Ki yafe mani shirun da na yi, ban san ta inda zan fara ba.

Bayan zagayen godiya haƙoran sun ƙi zama. Ɗanliti ya ɗaure, su yi lilo. Ya ƙara ƙarfi, sai na ji abin yana juyawa can cikin ƙashi, har cikin hancina. Ya ce shi nasa ya ƙare, sukurun ne ba shi da kyau. Leɓena ya kumbura ya ɗago, ruwa mai wari na tsatsowa ta gefen ƙarfen. Ƙaramar ɗiyata ta ce, "Baba, bakinka na warin kwata." Zainab ta kai mata duka, na ce ta bar ta, ba ƙarya ta yi ba.

Duk da haka na je rediyo. Manaja ya aiko cewa ana gwada muryoyin waɗanda za su yi shirin ranar miƙa mulki. Na wanke baki da ruwan gishiri, na tauna kanumfari, na sa rigata ta Sallah. Yaya, da na shiga ɗakin nan na ji ƙamshinsa, na ga jar fitilar, sai da ƙwalla ta zo mani. Aka miƙo takarda. Na yi sallama ta fita. Layi na biyu, a kan "tsarin mulki," haƙoran suka karkace gaba ɗaya suka danne mani harshe. Na sa yatsa na tura su na ci gaba, suka sake. Sai ga jini bisa takardar. Ta cikin gilashi ina ganin yaran da na koya wa aiki, ɗaya ya sunkuyar da kai, ɗaya ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Da na fito na ji manaja na cewa a cire soson abin maganar a wanke.

Da la'asar ɗin ranar ina alwala a ƙofar gida, na kurkure baki na tofar, sai na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti. Duk suka fito, haƙoran da turakunsu biyu a manne. Sauran biyun likitan haƙori na nan garin ya cire su da ɗan yatsa, ko allurar kashe zafi bai nema ba. Ya ce ƙashin ya narke har kusa da hanci, ya tambaye ni wane mahaukaci ne ya yi mani haka. Na ce ni ne.

Yanzu leɓen sama ya faɗa ciki. Na sojoji giɓi ne kawai, wannan rami ne. Ko "Zainab" ba na iya faɗa daidai. Na je na nuna wa Inna, ta duba ta ce Allah Ya sa kaffara ne, in yi haƙuri, ɗan'uwana ba zai bar ni haka ba. Na rubuta mashi na ce ya ba ni fasfo ɗina ko likitanku zai iya yin wani abu, ko na roba ne. Ina jiran amsa.

Kin gyara, na ɓata. Ban da bakin ba ki haƙuri, ga shi dai a rubuce.

Ƙanenki,
Almu

*

Kambarawa
Mayu, 1999

Almu,

Bayan gaisuwa, na ga takardarka. Direba ya ce ya ga bakin. Allah Ya sawwaƙe.

Ranar rantsarwa ka yi zamanka a gida, akwai manyan baƙi, kuma an ce bakin na wari. Na yi wa manaja magana kamar yadda na yi alkawari, ya ce kai ma ka san ba ta yiwuwa, to ka ga ba daga ni ba ne.

Maganar Jidda da haƙoran roba ka bar ta. Fasfo na nan wurina. Gobe mai hoto zai zo, ka tsaya mashi da kyau, an ce na yanzu ya fi na da fitowa. Kada ka bari kowa ya taɓa wurin, shekara huɗu kamar gobe ne.

Ga makullinka nan cikin ambulan, na maido maka kayanka.

Yayanka,
Honorabul Alhaji Mahmud